Rokoki Biyu da Hannun Daman Yaya

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Ƙanƙara, kuma ina da wata ɗabi'a da matata ta daɗe tana yi mani tsiya a kanta. In na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in buɗe kwamfuta in tuƙa jirgin sama. Ba na gaske ba, ni ko filin jirgi sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma rakiyar alhazai ce ta kai ni. Manhaja ce ta kwaikwayon tuƙi, wani abokin karatuna ya sa mani ita lokacin da muka je kwas Zariya. Ya haɗa mani da sandar tuƙi da wani ɗan hannu na ba inji wuta, wanda ake turawa gaba a ja baya. Ba ruwanta da sabis, caji kawai take so. Matata takan leƙo ta ce, “Malam, yau kuma ina aka nufa? In ka bi ta Funtuwa ka taho mana da manja.” Ni dai ba na kula ta.

Wanda ya kamata a ce ya san tuƙi a gidanmu yayana ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar masara da dawa daga kasuwar 'Yankara, da Sabuwa, da Damari, yana gangarawa da su kudu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe ni. Takalmin da na fara shiga makaranta da shi, da akwatin da na tafi kwaleji da shi, duk daga sitiyarin nan suka fito. Har yau da furfura a gemuna bai daina kirana Auta ba.

Bayan kaka, shekarar da ta wuce waccan, yana alwalar azahar a ƙofar gidanshi buta ta suɓuce mashi, ya bi ta ya faɗi. Hawan jini ne, ya shanye mashi ɓarin dama. Allah ya yi da sauran kwana. Ƙafa ta dawo a hankali, yana dogara sanda ya kai kanshi bayi. Magana ma ta dawo, da ɗan nauyi. Hannun dama ne ya ƙi, ya kwanta a cinya yatsu a dunƙule. Ma'aikaciyar da ke yi mashi gashi a asibiti ta ja ni gefe ta gaya mani gaskiya. Ta ce hannun bai mutu ba, akwai motsi a ciki, amma watannin farkon nan su ne komai. In bai riƙa aiki da shi kullum ba, yatsun za su ƙage, kuma in sun ƙage shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce kuma a zuba mashi masara a kwano ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana sawa a wani.

Yaya ya dubi ƙwallon ya ce a kai ma jikokinshi. Masarar kuwa ya sa Hajiya, matarshi, ta watsa ma kaji. Ya daina fita ƙofar gida, ya daina karɓar masu dubiya, tsofaffin abokanshi direbobi su taho tun daga Faskari ya ce a ce masu yana barci. Hannun ya cusa shi cikin riga kamar abin sata. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Rannan na tsaya a kanshi na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ce mashi da gangan yake kashe hannunshi kuma Allah zai tambaye shi. Ya bari na gama sarai, sannan ya ce, “Auta, fita.” Na fita raina a ɓace, na kwana biyar ban leƙa ba.

Hajiya ce ta zo har gida ta same ni. Ta ce ba sai na yi mashi maganar hannu ba, in dai riƙa zuwa bayan la'asar in zauna kusa da shi, don shirun ɗakin ya fara ba ta tsoro. Na amsa. Amma zama da mutumin da ya juya maka baya yana kallon bango ba abu ne mai daɗi ba, don haka a rana ta uku na saɓo kwamfutata. Ba zan yi ƙarya in ce dabara ce na shirya ba. Don kaina na kawo ta, in samu abin yi.

A lokacin akwai wani jirgi da ya hana ni sakat. Jirgin yaƙi ne na Jamus, na ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin na farko-farkon da aka sa ma injin jet don ɗaukar bama-bamai. Inji biyu gare shi, matuƙi ɗaya, hancinshi duk gilashi. In ya hau sama gudu gare shi, amma a ƙasa nawa ce da shi. Injin jet na wancan zamani ba ya da ƙarfi sosai wajen tashi, ga shi kuma ba ya son gaggawa. In ka tura mashi wuta da sauri sai ya shaƙe ko ya kama da wuta. In aka yi ma jirgin cikakken lodi, titin tashi ƙarewa yake yi kafin ya ɗaga. Shi ya sa suka rataya mashi rokoki biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike. Suna ci kamar rabin minti suna ingiza shi, in sun ƙare matuƙi ya sake su, su sauko da lema a tsince su.

Filin da manhajar ta ba ni gajere ne, da jerin itatuwa a ƙarshenshi. Itatuwan nan sun san ni na san su. In ban kunna rokoki ba, in shige cikinsu da tayoyina a ƙasa. In na kunna, jirgin ya zabura kamar gaske, sai daidai lokacin da zan ɗaga hancinshi rokokin su mutu, ya yi nauyi, ya ɗan ɗaga ya sake zama, in ƙare a cikin rassa. Ni da nake koya ma ɗalibai lissafin gudu da nauyi a kan allo, sai da na cika takarda biyu da lissafi, itatuwan suna nan suna jirana.

Kwana biyu ina wannan a ɗakin Yaya, sautin a ƙasa-ƙasa. A rana ta uku na tura wuta, injin hagu ya yi tari ya kama, hayaƙi ya cika allon. Sai na ji murya daga kan katifa, bai ko juyo ba.

“Wa ya koya maka tuƙi?”

Na ce, “Ba kowa, Yaya.”

“Na ji alama. Tun shekaranjiya kake kashe injin ga ina jin ka. Mota ce?”

Na ce jirgi ne. Sai ya dafa da hannun hagu ya tashi zaune. Na juya mashi allon. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi mi aka ɗora mashi da yake tafiya kamar mai ciwon baya. Na ce bama-bamai ne. Ya ce, “A'uzubillahi.” Na yi sauri na gaya mashi ni ban taɓa jefa ko ɗaya ba, kuma gaskiya ce. Mu da ke wannan yanki, mun ji ƙarar da ta ishe mu, ba mai sha'awar ƙari ko a wasa. Tashi kawai nake so in iya da sauka. Ya ce, “To ka ɗauka masara ce. Lodi dai lodi ne.” Daga ranar ba mu sake kiran kayan jirgin nan da wani suna ba sai masara.

Ya tambayi abubuwan da ke rataye a fiffike. Na fara yi mashi bayani irin na aji, ya katse ni.

“Ƙarfinsu na daɗewa?”

“A'a, ɗan lokaci ne su ƙare.”

“To 'yan turi ne. Yaushe kake kiran su?”

“Da na saki birki.”

Ya ja tsaki mai tsawo, irin wanda rabona da ji tun kafin ciwon. Wallahi sai da na ji daɗin tsakin nan. Daga nan ya ba ni karatun da ba na mantawa. Ya ce da damina, in ka yi lodi a 'Yankara, tsakanin inda ake lodi da kwalta akwai taɓo, a ƙarshenshi kuma akwai ɗan hawa. Sabon direba da ya tada mota sai ya kira 'yan dako su kama turi tun daga fili. Su yi ta nishi a inda motar ma za ta iya da kanta, kafin a kai hawan numfashinsu ya ƙare, mota ta zauna, taya ta haƙa rami, a wuni nan. Shi kuwa yakan ce su biyo shi a baya hannu a sake, kada wanda ya taɓa bodi. Ya ba inji wuta sannu-sannu har ya ji muryarshi ta daidaita, ya bar mota ta ɗauki tafiyarta, sai ya ga hancinta ya doshi hawan sannan ya buga ƙofa da tafin hannu. A nan ne kowa zai sa kafaɗa. “Ƙarfin ɗan turi kaɗan ne, Auta. Ba a kashe shi a fili, a kan hawa ake kashe shi.”

Na ce ai jirgi ba mota ba ne. Ya ce in gwada in gani.

Na taka birki, na tura wuta a hankali yadda ya ce, yana sauraro da kai a karkace. Na saki, jirgin ya fara gangarawa da ƙarfin kanshi. Akwai wata 'yar rumfa a gefen titin, ya ce kada in taɓa komai sai mun zo daidai ita. Da muka zo ya ce, “Kira su.” Na danna. A karon farko tun da na fara, rokokin suna ci har lokacin da hancin jirgin ya ɗaga. Tayar baya ta ɗan shafi kan itace, muka yi tangal-tangal muka faɗi a bayan jerin. Amma mun ƙetare. Yaya ya ce rumfar ta yi nisa kaɗan, gobe a kira su kafin a kai ta da tsawon mota biyu.

Gobe ɗin ce ta sa na kasa zama da na koma gida. Wata uku ke nan bai ambaci gobe ba.

Muka shiga gwaje-gwaje. Ya sa na sauke masarar duka, muka ga jirgin na tashi ba ɗan turi. Ya sa na ɗora rabi, na rage mai, na cika mai. Kowane lodi da inda ake kiran 'yan turinshi, kuma da kunne yake ganewa, ni ina ta duban agogunan jirgin. Ranar da ya fara ganin rokokin sun rabu da fiffike suna saukowa da lema, sai da ya sa na maimaita. Ya ce mutanen nan, duk da mugun aikin da suka yi jirgin dominshi, sun san darajar ɗan turi, ba su yar da shi.

Matsala ɗaya ta rage, ita ce hannuna. Gaggawa gare ni, haka aka halicce ni. Cikin tashi biyar sai na ƙone inji a biyu. Rannan ya gaji ya ce, “Ba ni abin ga. Kai riƙe sandarka.” A nan ne shaiɗanin dabara ya zo mani. Na ɗauki ɗan hannun ba da wutar na aje shi a kan kujerar tsugunno ta ɓangarenshi na dama, na ce wayar ba ta kai hagu. Ƙarya nake, wayar ta isa ta zagaye katifar. Ya dubi wayar, ya dube ni. Na sha jinin jikina. Sai ya sa hannun hagu ya zaro na daman daga cikin riga, ya ɗora shi a kai.

Abin bai yi kyau ba. Hannun ya yi ta rawa, ya ƙi tafiya, sai kuma ya fizge gaba ɗaya ya tura wutar har ƙarshe. Inji biyun duka suka kama. Muka sake, haka. Muka sake na uku, zufa ta jiƙa mashi wuya, hannun ya zame ya faɗo a kan katifa. Ya ce, “Ka ga abin da kake so ka gani? Kwashe kayanka.” Muryarshi ko ɗagawa bai yi ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Hajiya ta tare ni a zaure ta yi mani wankin babban bargo. Ta ce ta roƙe ni in zauna da shi ne, ba ta ce in tona mashi asiri a gabana, ni ƙanenshi, ba. Tana da gaskiya. Na tafi gida ina ganin na rushe ɗan abin da ya fara ginuwa, hannun kuma lokacinshi na tafiya.

Kwana huɗu ban je ba, kunya ta hana ni. A na biyar Hajiya ta kira ni a waya, ta ce, “Yayanka ya ce wai ko jirgin ya lalace ne.” Na ce lafiyarshi lau. Ta ce, “To ya ce masara na jiƙewa a tasha.”

Da na shiga na tarar ya sa an aje kujerar tsugunnon a dama, da kanshi. Ba mu yi maganar abin da ya wuce ba, har yau ma ba mu yi ba. Ya ɗora hannun, muka ƙone inji. Washegari muka sake ƙonewa. Ya gano cewa in ya tokare gwiwar hannun a cinya rawar na raguwa, sai ya riƙa turawa da gindin tafi. Bayan mako biyu yatsa biyu suka fara kamawa. Abin da ma'aikaciyar asibiti ta yi ta fama ya yi da ƙwallon roba, shi ne yake yi awa guda kullum, yana zagin injin Jamus yana cewa ko tsohuwar motarshi ta fi shi kunya. Hajiya ta gaya mani a ɓoye cewa da safe takan gan shi yana tura murfin kwano gaba da baya a kan tabarma, sannu-sannu, yana yin ƙarar inji da baki. Ta ce in na kuskura na nuna na sani, ba ni ba ita.

Ba zan ce hannun ya koma yadda yake da ba. Bai koma ba, kuma Yaya bai sake riƙe sitiyari ba. Amma yatsun ba su ƙage ba. Na gode ma Allah, na gode ma matar nan ta asibiti da ta gaya mani gaskiya ba ta ɓoye ba, na gode ma Hajiya da ta haƙura da mu biyun, don ni da Yaya ba mu da sauƙi. Har abokina na Zariya na kira na yi mashi godiya, ya yi ta dariya bai gane dalili ba. Wani lokaci nakan yi mamakin yadda jirgin da aka ƙera don rushe gidajen mutane ya zo ya yi wannan aiki a ɗakin wani tsohon direba a Ƙanƙara. Ban san amsar ba, na dai karɓa.

Ranar da na fi tunawa wata Alhamis ce da damina, an ɗauke ruwa ke nan bayan la'asar. Cikakken lodi muka ɗora, masara da mai duka, abin da ba mu taɓa tashi da shi lafiya ba. Na taka birki. Yaya ya ɗora hannun ya fara turawa, a hankali, ba rawa, ba fizga. Injin ya tashi daga gurnani ya koma siririyar murya, ya daidaita. Hannun ya kai wutar har ƙarshe. Ya ce, “Saki.” Na saki. Jirgin ya fara tafiya da nauyi, titin na ƙarewa, itatuwan na matsowa, rumfar kuwa kamar ba za mu kai ta ba. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina wannan karon Yaya ya makara, na miƙa yatsa wajen maɓallin rokoki.

Sai ji na yi tas a bayan hannuna, har sai da yatsana ya kauce.

“Na ce ka kira su?”

Na janye. Muka ƙara tafiya kaɗan, sannan ya ce, “Yanzu.” Na danna. Rokokin suka kama, jirgin ya zabura, na ja sanda, hancin ya ɗaga, itatuwan suka wuce ta ƙarƙashinmu ko ganye ba mu taɓa ba. Yaya yana cewa in naɗe tayoyi, in saki 'yan turi su koma gida. Ni kuwa ban ji shi sosai ba, bayan hannuna nake kallo. Wurin raɗaɗi yake yi, raɗaɗi na gaske, irin wanda na sani tun ina yaro in na taɓa mashi kayan aiki. Ni ina zaune ta damanshi, hannunshi na hagu kuma yana can dafe da katifa bai motsa ba. Idona ya cika, allon ya dushe, jirgin ya fara karkata.

“Kai tuƙi kake ko mi?” in ji Yaya. “Za ka zubar mana da masarar mutane.”

Hajiya ta ɗaga labule, hannunta duk gari, don ta ji ƙarar daga tsakar gida. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Mi ya faru kuma?”

Na ce, “Yaya ne ya buge ni.”

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tsaya.

“Da wane hannu?”

Na ce, “Na dama, Hajiya.”

Ta saki labulen, ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da hannuwan nan masu gari.